Hatimin Har Abada

Ranar da Yayana ya ce ya zama marubuci, ina durƙushe ne a gaban injin kwafi ina zaro takardar da ta maƙale, hannuna duk baƙin hoda. Ya faɗo shago yana haki, ya dire wani littafin rubutu na 'yan makaranta a kan teburina, ya ce, "Auta, bar wannan wahalar. Daga yau sunan gidanmu ya shiga tarihi."

Shagon nasa ne. Ni ke buga takardu a kwamfuta, shi ke kwafi. Shekara tara ke nan yana kwafe wa ɗalibai littattafan mutane, daga bango har bango, shi ya sa duk layin suke kiransa Malam Kwafi. Na buɗe littafin na ga an rubuta da jan biro: Sirrin Kiwon Kaji, Babi Bakwai.

Na ce, "Yaya, kiwon kajin da ka fara wata biyar da suka wuce?"

Ya ce, "Wata biyar ɗina ya fi shekara hamsin ɗin wani. Ni kaza ta kalle ni kawai, na san abin da ke damunta."

Kaji goma sha biyu ne fa a bayan gida. Kuma in ɗaya ta yi atishawa, ba takalmi yake fita, ya bi layin nan shago-shago yana tambayar abin da za a yi. Don haka ina buga littafin ina jin muryoyin mutane a kunnena. Nan na ji Mai Shayi, can na ji Tela, gaba kaɗan ga Innarmu sak, har da "ka ji ko" ɗinta. Na ci gaba da bugawa kawai, domin in ka ce wa Yaya wani abu ba nasa ba ne, kwana uku zai yi yana yi maka bayanin yadda aka yi ya zama nasa.

Mun gama, muka haɗa kwafi arba'in, shafi ashirin da huɗu kowanne. Da a nan aka tsaya da an zauna lafiya. Sai ya ji wani shiri a rediyo kan haƙƙin mallaka. Washegari ya tafi wurin mai sassaƙa hatimi, ya dawo da wani abu mai faɗin tafin hannu, sai da ya sa hannu biyu kafin ya danna shi. Ga abin da ya fito:

MALLAKAR MARUBUCI DA 'YA'YANSA DA JIKOKINSA HAR ABADA. BA A KWAFA. BA A BA DA ARO. BA A FAƊA WA WANI.

Na ce, "A bango za ka buga?"

Ya ce, "Ɓarawo bango yake sata? A tsakiyar kowane shafi, inda daɗin yake."

Haka ya wuni yana dannawa, tim, tim, tim, teburin na rawa.

Akwai wani tsohon hedimasta da ke zuwa kullum da safe ya zauna a bencin ƙofar shagonmu ya karanta jarida. Ya ɗauki kwafi ɗaya, ya matso da shi kusa da hanci, ya nisanta, ya sake matsowa.

Ya ce, "Ɗan nan, a nan ka ce a zuba maganin cokali... cokali nawa? Jikokinka sun zauna a kai."

Yaya ya ce, "Wanda ya saya da gaskiya ya zo ya tambaye ni, Baba. Tsaro ke nan."

"To wannan har abadan fa, a ina ka samo shi?"

"Haƙƙina ne. Guminka naka ne ko ba naka ba?"

Hedimasta ya naɗe jarida. In ya naɗe jarida, to darasi ya zo. Ya ce, "Naka ne. Dalilin da aka yi dokar ma ke nan. A da mutum zai ƙare idonsa a kan rubutu, wani mai injin ɗab'i ya ɗauka ya buga ya sayar, marubuci ya tashi a tutar babu. Aka ga in aka ci gaba haka, kowa zai ajiye alƙalami. Sai aka ce to, a ba shi wa'adi, shi kaɗai zai sayar, ya ci guminsa. Wa'adi na cika, abu ya koma na jama'a, kowa ya ɗauka ya ɗora nasa a kai. Dokar da ake cewa ita ce ta farko, shekara goma sha huɗu ta bayar, in kana raye a ƙara maka wasu shekaru goma sha huɗun."

Yaya ya yi dariya har da dukan cinya. "Goma sha huɗu! Baba, ai wandona ma ya fi haka daɗewa."

Na ce, "Wannan kam mu shaida ne, muna gani."

Ya harare ni. Hedimasta ya ce, "An yi ta jan wa'adin ai. Yau a ƙasashe da yawa sai ka mutu, a ƙara shekara hamsin ko saba'in. Har yanzu ana ta gardama. Wasu na cewa a bar wa iyali abin da za su ci. Wasu na cewa mamaci ba ya sake rubutu don an ƙara masa shekaru, to ƙarin na mene ne?"

"Masu hassada ne. Gida in ka gina, bayan shekara saba'in gwamnati ke cewa kowa ya shigo ya kwanta?"

"Gida da bulonka ka gina shi. Magana kuwa da ta mutane ake gina ta."

"Ni tawa daga nan ta fito," in ji Yaya, yana ƙwanƙwasa goshinsa.

Ana cikin haka wasu ɗalibai mata biyu suka shigo da wani ƙaton littafin lissafi, suka ce a kwafe musu duka. Yaya ya karɓa da fara'a, ya ɗaga murfin inji. Hedimasta ya yi gyaran murya.

"Shi wannan da ya rubuta lissafin, ba shi da jikoki?"

Hannun Yaya ya tsaya a sama. Ya ce, "Wannan daban."

"Da me ya bambanta?"

"Shi ai... bai san layin nan ba."

Ɗaliban suka ƙyalƙyale da dariya. Abin da Yaya ba ya iya haɗiyewa ke nan a duniya, a yi masa dariya a gaban mutane. Nan take ya miƙa musu littafinsu, ya ciro zanen teburina ya lulluɓe injin, ya ce, "Daga yau shagon nan ba a satar gumin marubuta. Mu marubuta mun san zafin juna."

Na ce, "Yaya, da me za mu ci abinci?"

Ya ce, "Da littafi."

Wallahi ji na yi kamar in fasa ihu. Ɗaliban suka tsallaka titi zuwa ɗaya shagon kwafin, kuma tun daga ranar duk wanda ya zo da littafi can muke nuna masa da hannunmu.

Kwafi huɗu aka saya a makon farko. Tela ya ɗauki ɗaya don kunya, Mai Shayi ɗaya, Hedimasta ɗaya, sai wata mata da ke bayan layinmu, wadda ke kiwon kaji tana sayar da ƙwai, Mai Ƙwai muke ce mata. Mutum huɗu kacal, amma Yaya ya mayar da kansa ɗan sandan littafi. Ya ji labarin Tela ya ara wa surukinsa, sai ga shi a shagon ɗinki.

"Ina littafina?"

Tela ya ce, "Naka ko nawa? Na saya."

"Takardar ka saya. Abin da ke ciki nawa ne."

"To zo ka kwashe abinka ka bar min takardata, ina neman abin yanka samfurin wuyan riga."

Bai daddara ba. Da safe yana shan shayi ya ji Mai Shayi na gaya wa wani direba ya riƙa zuba toka a akurki saboda ƙwari. Yaya ya dire kofi har ya fantsama.

"Shafi na huɗu! Ka faɗa wa wani! Ba ka karanta hatimi ba?"

Mai Shayi ya tsaya da buta a sama. Ya ce, "Malam Kwafi, shafi na huɗu kuma? A nan inda kake zaune na..."

"Ba na son dogon turanci. Na yafe na yau."

Mai Shayi ya dai bi shi da wani irin kallo, ya ci gaba da zuba shayinsa.

Da ya ga mutane ba sa jin magana, sai ya ce abin taro yake so. Ya sa ranar ƙaddamar da littafi. Ya ɗauko hayar kujerun roba sittin da lasifika, ya jera a ƙofar shago ranar Asabar da hantsi. Ya sa rigar da ya fi ji da ita, ya ɗora wani baƙin tabarau mai ƙyalli wanda kana kallonsa kana ganin fuskarka, wai haka manyan marubuta ke yi. Innarmu ta zo da sandarta aka ba ta kujerar gaba. Matarsa, Anti, ta zauna kusa da ita da tsohon ciki, tana fifita da kwafin littafin. Jama'a sun cika, domin a layinmu ko faɗan akuya ne in dai da kujera kyauta za a zo.

Yaya ya karɓi lasifika. Ya yi minti ashirin yana bayanin yadda ilimin kaji ya sauko masa. Sannan ya zaro wata takarda da ya sa na buga.

"Jama'a, kafin a buɗe littafi, sai mun yi dokar layi. Duk wanda ya fara faɗin magana mai amfani, tasa ce. Ba mai taɓa ta sai da izininsa. Saura wa'adi. Nawa za mu sa?"

Hedimasta ya ɗaga hannu. "Goma sha huɗu."

"Baba, a yi maganar manya."

Tela ya ce, "Hamsin."

"Raini!"

Mai Shayi ya ce, "Ɗari, a tashi haka, ruwana na kan wuta."

Yaya ya daki tebur. "Har abada! Shi da 'ya'yansa da jikokinsa! Wanda ya taɓa kayan wani, mai kaya ya zo ya ƙwace abinsa a gaban kowa!"

Hedimasta ya ce, "Ɗan nan, ka tabbata?"

"Ban taɓa tabbata irin ta yau ba."

"To ba ni biro."

Shi ya fara sa hannu. Mai Shayi ya taso da sauri har yana tuntuɓe, Tela na biye da shi. Yaya ya juyo ya kashe min ido ta saman tabarau, wai in ga yadda ake juya jama'a. Ni kuwa na riga na ga Tela ya koma kujerarsa yana laluben aljihu.

Yaya ya buɗe littafi. "Babi na ɗaya. Mai kiwo ya sani, akurki ba ya son danshi. A samu toka mai sanyi..."

Mai Shayi ya miƙe. "Tsaya nan. Wa ya gaya maka wannan?"

"Ilhama ce."

"Ilhamar da ta zuba maka shayi? Ranar da ka zo kana cewa ƙwari sun cinye maka kaji, wa ya ce toka? Direba, kana wurin ko ba ka nan?"

Daga baya aka amsa, "Ina nan! Har da maganar ɗaga kwanon ruwa a kan bulo!"

Mai Shayi ya ce, "Wannan kuma babi na biyu ke nan. Nawa ne, ni da jikokina. Tela, ara min almakashi."

Tela ya riga ya fito da shi. Ƙyas, ƙyas, babi biyu suka bar littafin da ke hannun Yaya. Kafin ya rufe baki, Tela ya ce, "Tunda almakashin na kusa, babi na uku, labulen buhu saboda sanyi. Ni na faɗa, ni na ɗinka maka ma."

Yaya ya ce, "Haba jama'a! Hira ce fa muka yi! Hira ai ta kowa ce!"

Hedimasta ya ɗaga takardar. "Ba a rubuta ban da hira ba."

Yaya ya goge gumi, ya yi tsalle zuwa babi na huɗu, ya fara karantawa da sauri-sauri yadda ba wanda zai gane. Sai aka ji sanda ta daki ƙasa. Inna ce.

"Kai, maimaita. Kaza mai kwanci a yi mata me?"

Muryarsa ta yi ƙasa. "A keɓe ta a kwando, Inna."

"Ka ji ko. Wa ya koya maka?"

"Inna, ai ni da ke ɗaya ne."

"Da ɗaya ne da na ga sunana a bango. Na huɗu, na biyar, na shida, duk bakina ne. Ni ma wurin kakarka na ji, ita ma ba ta ce ita ta ƙago ba. Shekara sittin ina faɗa wa duk wanda ya tambaya, ban taɓa cewa kada ya gaya wa wani ba. Amma tunda ka ce doka, Tela, miƙo."

Wurin ya kaure da shewa. Na ga abin ya zama rabo, na ce to ni ma kada a bar ni a baya. Na ɗaga hannu na ce gabatarwar ni na rubuta, shi cewa kawai ya yi in sa wani abu mai nauyi. Ya cire tabarau ya kalle ni.

"Auta, har da ke?"

Na ce, "Har abada, Yaya."

Abin da ya rage a hannunsa bango ne da ganye biyu. Ya mayar da tabarau, ya ɗaga su sama, bakin nan dai bai mutu ba.

"Babi na bakwai! To a fito! Wa ya gaya min babi na bakwai? Ina mai shi?"

Mai Shayi ya girgiza kai. Tela ya mayar da almakashi aljihu. Inna ta ce ita ba ta taɓa jin wannan shirmen ba.

Yaya ya buɗe ƙirji. "Kun gani? Wannan daga kaina ya fito, ba hannun kowa! Shi ne ma zuciyar littafin. A kafa babban madubi a cikin akurki. Kaji in suka ga wasu kajin, sai su ɗauka gasa ce, kowace ta ninka ƙwai!"

"Alhamdu lillahi. Mai shi nake nema dama."

Kowa ya waiwaya. Mai Ƙwai ce ke ratsowa ta tsakiyar kujeru, ɗankwali a karkace, ta rungumo wani jan zakara a hammata, kansa a sanƙame duk ya kumbura.

Ta ce, "Madubin sif ɗin tufafina na cire na kafa, yadda ka rubuta. Kwana uku wannan bawan Allah yana dambe da kansa, ba ci ba sha. Kajin suka tsorata suka haye rufi, yau kwana shida ko ƙwai ɗaya ban gani ba. Madubi kuma ya tashi aiki. Yanzu ko kwanon silba ya gani sai ya kai masa sara."

Yaya ya sunkuyo, wai zai duba zakaran a matsayinsa na masani. "Ai ba a bi ƙa'ida ba ne, Hajiya. Kawo in ga idonsa."

Zakara ya ɗaga kai, ya ga zakaru biyu a cikin tabarau.

Ban san yadda ya kuɓuce ba. Na dai ga fuka-fukai, na ji Yaya ya ƙwala ihu a cikin lasifika har layi na uku. Ya ja da baya ya ture tebur, sauran kwafi talatin da shida suka watse, ya zagaya kujeru a guje zakara na bin sa, mutane na ihu, "Cire tabarau! Cire tabarau!" shi kuwa ya riƙe abinsa gam. Sai da ya faɗa shago ya shige ƙarƙashin zanen da ya lulluɓe inji da shi, sannan direba ya kama zakaran.

Da ƙura ta lafa, ya leƙo. Mai Ƙwai na tsaye a bakin ƙofa da nata kwafin a buɗe.

Ta ce, "Nan an rubuta kai da 'ya'yanka da jikokinka. To ku za ku sauko min da kajina daga rufi. In ba ka iya ba, ina jiran 'ya'yan."

Anti ta miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu. "A'a, wallahi! Maigida, ka cire min 'ya'ya daga cikin hatimin nan tun muna shaida juna. Wanda ke ciki ma bai zo duniya ba an rataya masa zakara."

Yaya ya dubi Hedimasta. "Baba, dokar nan... ai ba a kai ta ko'ina ba tukuna. A mayar da ita hamsin ɗin Tela."

Tela ya ce, "Ka ce raini ne."

"To ɗari."

Mai Shayi ya ce, "Ruwana ya riga ya ƙone."

Haka ya wuni a kan rufin Mai Ƙwai da rigar ƙaddamarwa, yana lallashin kaji, jama'a na ƙasa suna ba shi shawara, kowa na cewa a rubuta tasa da sunansa.

Ranar Litinin da kaina na yaye zanen daga kan inji. Mutanen farko da suka shigo su ne Mai Shayi da Tela, kowa da shafukansa, Inna ta aiko da nata. Suka ce in sake bugawa ba hatimi, in sa sunan kowa a kan babinsa, a rubuta a ƙasa cewa mai so ya kwafa. Yaya da hannunsa ya yi ta danna maɓalli. Babi shida, kuma abin haushi, mutane suka yi ta nema.

Sunan Malam Kwafi kuwa ya ɓace a layin. Babi na Bakwai ake ce masa. Mai Shayi zai ƙwala, "Babi na Bakwai, da madara ko babu?" Da Anti ta sauka, mata suka riƙa cewa za su je ganin 'yar Babi na Bakwai. Wannan ne ya fi ci masa rai, na gani a fuskarsa, har ya ba ni tausayi.

Wata safiya ya fito ya zauna a gefen bencin Hedimasta, ya daɗe yana murza yatsu.

"Baba, don Allah tambaya. Shi suna irin wannan, in ya kama mutum, shekara nawa yake yi kafin ya sake shi?"

Hedimasta bai ko ɗago daga jarida ba.

Ya ce, "Ni goma sha huɗu na ce, ɗan nan. Kai ka ƙi."